Daga Tamburawa Zuwa Lambatu: Darasi Kan Ruwan Sha Da Ruwan Ƙazanta A Kano

Darasinmu na wannan fitowa a kan ruwa ne, kuma a kan tambayoyi biyu zan ɗora shi. Ta farko, ruwan da muke sha a birnin Kano daga ina yake zuwa, hannu nawa yake bi kafin ya iso bakinmu? Ta biyu kuwa ba a cika yin ta ba: in mun gama wanka da wanki da zagayawa, ina ruwan yake tafiya? Ni mazaunin Darmanawa ne a ƙaramar hukumar Tarauni, don haka yawancin misalaina daga can zan ɗebo su, da Gyaɗi-Gyaɗi da kewayenta. Abin da nake so mu fita da shi shi ne, amsoshin nan biyu a wuri guda suke haɗuwa, kuma wurin bai da nisa da randar gidanmu.

Mafarin ruwan

Damina a Kano ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Mayu zuwa Satumba. Sauran watannin sai rana da iska. Saboda haka babban aikin duk mai son shayar da birnin nan shi ne ya tare ruwan damina ya adana shi don rani. Kakanninmu da rijiyoyi da kududdufai suka yi wannan aiki. Ruwan famfo ya shigo ne a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka gina matatar farko a bakin Kogin Challawa, wajen Fanshekara. Da gari ya ƙara girma aka ƙara ta biyu a shekarun 1970, sannan ta uku a shekarun 1990.

Yau manyan madatsu uku ne ke riƙe da ruwan birnin. Akwai Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Akwai madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Sai Watari a Bagwai. Daga Tiga da Ƙaraye ana sako ruwa ya biyo kogi, matatun Challawa da na Tamburawa su zuƙa. Sabuwar matatar Tamburawa da ke kan titin Zariya, wadda aka gina zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an tsara ta ne ta tace lita miliyan 150 a kullum, ta Watari kuma lita miliyan 75. Ku lura da kalmar "an tsara", za mu dawo kanta.

Wani abu da ya kamata mu sani shi ne, ruwan nan ba namu ba ne mu kaɗai. Tiga da madatsar Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma abin da ya rage shi ke gangarawa Haɗejia har Nguru, inda manoma da masunta da makiyaya ke jiransa. Matatun da bututun cikin gari kuwa Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Kano ce ke kula da su.

Me ake yi wa ruwa a matata?

Wanda ya taɓa tsayawa a gadar Tamburawa da damina ya ga launin ruwan kogin, ja-ja kamar kunun kanwa. Kafin ya zama abin sha sai ya bi matakai kamar haka:

1. Zuƙowa. Injina na jawo ruwa daga kogi, raga tana tare itace da ledoji da ciyayi.

2. Zuba alif, wanda wasu ke cewa alam. Ƙananan ƙwayoyin laka ba sa kwantawa da kansu, domin suna ture juna. Alif ke kashe wannan turewar, sai su dunƙule.

3. Juyawa a hankali, don dunƙulen su ƙara girma su yi nauyi.

4. Kwantarwa. Ruwan yana shiga manyan tankuna ya natsu, lakar ta zauna a ƙasa, a janye ta.

5. Tacewa ta cikin yashi da tsakuwa, don kama abin da ya tsere.

6. Zuba kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, da farar ƙasa don daidaita tsamin da alif ya jawo.

A ɗakin gwaji ana duba abubuwa da yawa, amma ku riƙe huɗu, don suna fitowa a jarrabawa. Ma'aunin tsami, wato pH, ya kasance tsakanin 6.5 da 8.5. Duhun ruwa kada ya wuce NTU 5. Ragowar kulorin a bakin famfo kada ta gaza miligiram 0.2 a kowace lita. Sannan kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100, domin ganin ta shaida ce cewa bahaya ya taɓa ruwan. Nijeriya tana da nata ma'aunin ingancin ruwan sha, wanda hukumar SON ta fara fitarwa a 2007.

Me ya sa ake so kulorin ya rage? Saboda tafiyar da ke gaban ruwan doguwa ce. Ragowar nan ita ce guzurinsa, da ita zai yaƙi duk ƙwayar cutar da ya tarar a hanya.

Daga matata zuwa famfo

Da an gama tacewa sai manyan injina su tura ruwan zuwa cikin gari, wani ya hau tankunan da ke kan tudu irin na Goron Dutse da Magwan, daga can ya gangaro da nauyinsa zuwa unguwanni. To, a nan ne kalmar "an tsara" take da muhimmanci. Adadin da aka rubuta wa matata yana cika ne in akwai wuta dare da rana, injina duk suna lafiya, alif da kulorin suna nan, yashi bai toshe bakin mazuƙa ba. Ruwa abu ne mai nauyi, kowace lita kilo ɗaya ce. Tura lita miliyan 150 daidai yake da ɗaga tan 150,000 kullum. In wuta ta ɗauke sai janareta, janareta kuma man gas yake sha.

Sai kuma asarar hanya. Tsofaffin bututu suna yoyo, aikin titi yana fasa wasu, wasu mutanen kuma suna jona ruwa ta bayan fage. Ga shi gari ya fi bututun saurin tafiya: unguwannin da suka bunƙasa daga baya, gidaje ne suka riga bututu zuwa. Daga nan sai a shiga wani zagaye marar daɗi. Ruwa bai zo ba, mai gida ya ce ba zai biya ba. Bai biya ba, kuɗin man gas da sinadarai sun ragu. Sun ragu, ruwan ya ƙara ƙaranci. Duk garin da ke son ruwan famfonsa ya tsaya da ƙafarsa sai ya karya wannan zagaye, ta hanyar sa mita, da toshe yoyo, da nuna wa jama'a inda kuɗinsu yake tafiya.

Hukumar ruwa ta biyu

Inda famfo bai kai ba, wata hukumar ce ke aiki, wadda ba ta da ofis ba ta da hatimi. Mambobinta su ne mai rijiyar burtsatse da ke sayar da ruwa, da ɗan garuwa da kurarsa, da mai tankar ruwa, da mai kamfanin fiya wata. A layukanmu na Darmanawa, ƙarar kura da asuba ta zama kamar agogo. Mutanen nan sun cancanci godiya, don ba don su ba da gidaje da yawa ba a ɗora tukunya ba. Amma bari mu yi lissafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da tsafta. Mu ɗauki mafi ƙaranci. Gida mai mutum takwas zai buƙaci lita 400, wato jarka 16 mai cin lita 25. A matsayin misali kawai, mu ce jarka naira 100 ce, kowa ya sa farashin layinsu. Kenan naira 1,600 a rana, naira 48,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kun ga babu magidancin da zai iya wannan. Abin da ke faruwa shi ne a sayi jarka biyar ko shida a yi maneji, kuma abin da ake fara yankewa shi ne wanke hannu da wanke banɗaki. Talaka ya fi kowa sayen ruwa da tsada, kuma shi ya fi kowa samun kaɗan.

Haka in muka ɗauki ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Ƙidayar 2006 ta ba Tarauni mutum kusan 221,000. A lita 50, wannan ya haura lita miliyan 11 kullum, tun a wancan lokacin. Ku kwatanta yawan gidajen yau da na 2006 ku ƙiyasta da kanku.

Ruwan burtsatse kuma daga ina? Ƙarƙashin yawancin Kano tsohon dutse ne mai tauri. Ruwa yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa wani zai haƙa ya sami ruwa, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Ruwan damina ne ke cika wannan rumbu. Duk lokacin da aka cike kududdufi aka yi gini, ko aka malale tsakar gida da siminti, an rage ƙofar da ruwa ke bi ya shiga ƙasa, alhali masu zuƙa sai ƙaruwa suke yi.

Ina ruwan ƙazanta yake tafiya?

Injiniyoyi suna lissafa cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida zai fito a matsayin ruwan ƙazanta. Gidan nan mai lita 400, lita 320 zai fitar kullum. Ruwan iri biyu ne: na wanka da wanki da wanke-wanke, sai na banɗaki, wanda ya fi haɗari.

A biranen da suka yi tsari, duka biyun suna shiga bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa wata matata ta daban, a tace su kafin a sake su cikin kogi. Kano ba ta da irin wannan bututu da ya game gari. Abin da muke da shi kashi uku ne. Ruwan wanka da wanki yana fita ta kwata ya shiga lambatu. Bahaya yana shiga masai ko sokawe a cikin gida. In ramin ya cika a kira motar zuƙa, ko masu kwasa da hannu, waɗanda ake wa laƙabi da "gidan kowa da akwai". Lambatun nan kuwa asalinsa don ruwan sama aka yi shi, mu muka ɗora masa kayan da ba nasa ba, muka ƙara masa da shara.

Daga lambatu sai ina? Birnin Kano a kan doron tudu yake, ruwansa ya rabu gida biyu. Na arewa yana bin Jakara, wadda ke haɗuwa da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su zuba a madatsar Wasai da ke Minjibir. Namu na kudu, wato Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Na'ibawa, yana bin rafin Tatsawarki, wanda ke haɗuwa da Salanta mai ɗauko ruwan masana'antun Sharaɗa, su zuba a Kogin Challawa. Shi kuma Challawa yana haɗuwa da Kogin Kano ne a yankin Tamburawa, yankin da ake ɗebo ruwan da za a tace mana. Ku sake karanta wannan jimlar. A bakin rafukan nan kuma akwai lambuna, inda ake noman latas da alayyafo da kabeji da muke saye a kasuwa.

Wurare uku da ruwan biyu ke gaisawa

Wuri na farko shi ne kogi, kamar yadda muka gani. Matata tana iya cire laka ta kashe ƙwayoyin cuta, amma ƙarafa masu guba irin kuromiyam da masana'antun jima ke amfani da shi sun fi wuyar sha'ani. Iyakar da aka yarda da ita a ruwan sha miligiram 0.05 ce a lita. Mafi sauƙi shi ne kowace masana'anta ta tace ruwanta tun a harabarta, kuma doka ta wajabta hakan. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana cikin masu alhakin sa ido.

Wuri na biyu shi ne bututu. Ku duba layinku, za ku ga ƙananan bututun roba sun ratsa ta cikin lambatu. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, in akwai huda waje yake fesowa. Amma da an ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙar abin da ke kewaye da shi, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Ranar da ruwa ya dawo, abin da ya fara isowa gida shi ne wannan. Shi ya sa ake cewa a bar ruwan farko ya zuba tukuna, kuma shi ya sa ruwan da ke zuwa jefi-jefi ya fi wanda ke zuwa kullum haɗari.

Wuri na uku shi ne tsakar gidanmu. Ƙa'idar da aka fi bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. To, filin da ake cewa hamsin-hamsin, kowane gefe ƙafa 50 ne, wato mita 15 da 'yan kai. Ko ka sa rijiya a wannan kusurwa masai a waccan, tazarar ba ta kai mita 22 ba. Kuma in ka matsa daga naka, ka matsa kusa da na maƙwabci. Akwai ma magina da ke barin ƙasan ramin ba siminti, mai gida yana murna wai shekara goma sokawensa bai cika ba. Ɗan'uwa, in bai cika ba, ina abin yake tafiya? Ramin farko kamata ya yi a shafe shi ciki da ƙasa, a raba shi ɗaki biyu, ruwan da ya tsatso ne kawai zai wuce rami na biyu.

A Islamiyya an koya mana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma wannan hukunci ne na tsarki don ibada. Batun sha kuwa yana buƙatar ƙarin bincike, domin ƙwayar kwalara da ta taifod ba sa canja ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa garau yana iya kwantar da gida guda. A 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi diddigin annobar kwalara a Landan, ya gano famfon rijiya ɗaya ne tushenta, daga baya aka tarar ramin bahaya ne kusa da rijiyar yake tsiyaya ciki. A 2021 Nijeriya ta sami sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Wannan ba tarihin wasu ba ne.

Akwai mafita?

Akwai, kuma ba duka ke buƙatar biliyoyi ba. Ga gari mai rana irin namu, hanya mafi arha ta tace ruwan ƙazanta ita ce jerin tafkuna. A na farko mai zurfi dauɗa ke kwantawa ta ruɓe. A na biyu gansakuka da ƙananan halittu ke cinye abin da ya rage. A na uku marar zurfi hasken rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Fili yake ci, ba wuta ba, kuma ruwan da ya fito ya fi dacewa da lambu nesa ba kusa ba. Haka masu kwasar masai, in aka ware musu wurin zubarwa da ake sarrafawa, aka ba su safar hannu da takalma, abin da suke kwasa taki zai zama. Birnin Windhoek na Namibiya, wanda ya fi Kano ƙarancin ruwan sama, tun 1968 yake tace ruwan ƙazantarsa ya mayar da shi na sha. Maƙwabciyarmu Jigawa kuma a 2022 ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili. Abin da ya yiwu a Dutse zai yiwu a Tarauni.

A gida kuwa, ga abin da kowa zai iya tun yau. Alif ko garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, amma kada a dogara da su wajen kashe cuta. A tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa. A rufe randa, a rataye moɗa, a riƙa wanke jarka da tankin sama. Fiya wata a duba lambar NAFDAC. Mai burtsatse ya tabbatar an toshe wuyanta da siminti, kuma ya kai ruwan gwaji ko da sau ɗaya a shekara, har da gwajin naitiret, wanda ke tsatsowa daga masai. Iyakarsa miligiram 50 ce a lita, yana cutar da jarirai, kuma tafasawa ba ta cire shi.

Aikin gida

Mu da muke karatun fasaha, wannan fagenmu ne. Ɗan sashen injiniyan gine-gine shi zai zana sokawen gobe. 'Yar sashen kimiyyar ɗakin gwaji ita za ta auna ruwan. Masu tsara birane su za su yanka filayen, masu akanta su za su riƙe kuɗin ruwa. Don haka ga aiki uku na hutun nan. Na ɗaya, ɗauki tef ka auna tazarar da ke tsakanin rijiyarku ko burtsatsenku da masai mafi kusa, naku ko na maƙwabta. Na biyu, ki ƙirga jarkar da gidanku ke saye a mako, ki raba da yawan mutanen gidan, ki ga lita nawa kowa ke samu a rana. Na uku, ku bi lambatun ƙofar gidanku da ƙafa har inda ya zuba, ku rubuta wurare nawa kuka ga bututun ruwan sha a cikinsa.

Duk wanda ya yi, ya kawo sakamakon ofishin ƙungiyar ɗalibai da sunan unguwarsu. In muka tara na Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da sauran unguwanni, mun sami abin da za mu ajiye gaban mai unguwa da kansila mu yi magana da hujja, wasunmu kuma sun sami kan maganar furojet ɗinsu a ɓagas. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kare mu daga cutar da ido ba ya gani.